Jegon Ummi Daga Bayan Danga

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƴa ga uwarta, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da sanyi da yalwa. Ni ce Hadiza. Ina rubuto miki daga ɗakin da kika ƙare kwanakinki a gidana nan Matameye. Shekara huɗu ke nan da rasuwarki, amma har yau ba mai kiransa da wani suna sai ɗakin Inna.

Mutanen gida lafiya lau. Malam yana nan yadda kika bar shi, shi da rediyonsa. Itacen bedin tsakar gida ya girma har ya fara leƙa gidan maƙwabta. Na san ba ki karatun boko, na kuma san abin da za ki ce in kika ji zan sa wasiƙar nan a waya mutane su karanta: "Hadiza, ke komai sai kin kai shi allo?" Ki yi haƙuri. Shekara ashirin da wani abu ina koyarwa a lakwal, in ban rubuta abu ba, ba ya fita daga ƙirjina. Wannan kuwa ya tokare ni.

Inna, tsoro nake ji. Ba irin wanda ake ji a yi dariya daga baya ba. Yau kwana tara ke nan ina cikinsa.

Maganar Ummi ce. Takwararki, ƴar farina, wadda kika karɓa ranar yaye kika raina har kika kai ta ɗakin miji. Ba ki ga tafiyarsu ba. Bayan rasuwarki da shekara ɗaya mijinta, ɗan Kurnin nan, ya sami karatun aikin ruwa a Faransa, ya tafi, ta bi shi. Yanzu cikinta ya shiga wata tara. Cikin fari ne, bayan shekara biyar ana addu'a. Takardu da karatun miji suka hana ta zuwa goyon ciki gida, sai aka ce to uwa ta je.

Kin kuma san abin da ke tsakanina da ke a kan wannan. Ranar da jikinki ya yi tsanani, kika riƙe mini wuyan hannu kika ce, "In Allah ya ba yarinyar nan haihuwa, ke za ki yi mata wanka. Da hannunki, kin ji? Ni ban samu na yi maki ba." Na ce na ji. Ban ɗauka alkawarin zai bi da ni ta cikin jirgin sama ba.

Wata huɗu ina shiri. Sau biyu na je Yamai a kan biza, na bi layi tun safe da takardu a hammata. Direktan lakwal ɗinmu ya sa mini hannu a takardar hutu yana tsokanata, wai Madam za ta je ta ga ƙanƙara ta dawo ta daina gaishe su. Gaskiya kuwa, ban da jegon ma, raina ya biya. Ni da hutuna bai taɓa wuce zuwa biki Damagaram ba, Ummi ta ce bayan arba'in za su kai ni in ga teku. Na sayi rigar sanyi a gwanjo ranar kasuwa, wata ƙatuwa mai gashi a wuya, na gwada ta da rana tsaka, Malam ya yi dariya har da tari.

Da kin ga balis ɗin, akwatin tafiyata, da kin yi alfahari da ni. Ganyen bedi a inuwa na shanya shi yadda kike yi, don kada ƙarfinsa ya tafi. Yajin jego ni na daka da kaina, da citta da kanumfari da masoro da kimba. Ga garin kunu, ga kanwa ƴar kaɗan, don likitocin yanzu sun ce kada a cika ta, kada ki harare ni. Ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga daddawa da na naɗe a leda uku don kada Turawa su sauke ni daga jirgi. A sama na shimfiɗa zanenki na saƙi, wanda kika goya Ummi da shi. Kayan sawata da ƙyar suka sami wuri.

Na yi bankwana kuma, gida gida, kamar mai tafiya Makka. Na nemi gafarar kowa, kowa ya nemi tawa. An ba ni saƙon turare, an ba ni saƙon agogo, wata ma maganin ciwon gwiwa ta ce in sayo mata irin na Turawa. Duk garin nan ya san Madam Hadiza za ta hau jirgi.

Sai ciwon nan ya zo.

Korona suke ce masa. Da farko a rediyon Malam muke jinsa, can ƙasar Sin, muna cewa Allah ya kyauta muna ci gaba da cin tuwonmu. Sai ya tsallako Turai. Sai ya shiga ƙasar da Ummi take, sai garinsu. Tari ne da zazzaɓi, daga nan numfashi ya ƙi. An ce a hannu ake ɗaukarsa, a gaisuwa, a numfashi, kuma mutum yana iya yawo da shi lafiya lau bai sani ba. An ce ya fi kayar da tsofaffi da masu ciwon ƙirji. Kin san fukata. Ke kika sha dafa mini ƙirji ina ƙarama, ina neman iska ba na samu.

A gari kowa da maganarsa. Masu shayin bakin tasha sun ce ciwon ƙasar sanyi ne, rana ɗaya ta Matameye ta ishe shi. To ai ni wurin sanyin zan je. Wasu sun ce ƙarya ce ta Turawa. Ni dai na ga hotuna a waya. Na ga likitoci cikin fararen kaya har ido, na ga gadaje a jere har baranda, mutane kwance rub da ciki ba mai zaman jinya ko ɗaya a kusa da su. Na kashe wayar, bayan ɗan lokaci na sake kunnawa na ƙara kallo.

Abin da ya fi karya ni shi ne wankan gawa. Ke da kika yi rayuwarki tsakanin wanka biyu, na mai jego da na wadda ta riga mu, kin san abin da nake nufi. An ce wanda ciwon ya kashe a can ba a barin danginsa su taɓa shi, a leda ake rufe shi. Na riƙa ganin kaina kwance a wani farin ɗaki, ba mai laƙƙana mini kalmar shahada, ba mai karkata ni gabas, Ummi tana gida da ɗanyen jiki an hana ta zuwa. In je yi mata wanka, in bar mata gawar uwa da ba a wanke ba. Rannan ina tsakiyar darasi, alli a hannu, tunanin ya faɗo mini, sai da na dafa allo. Yaran suka ɗauka fukar ce.

Sau uku ina yankewa ina warwarewa. Ranar da na ce zan tafi, na je wurin tela ya ɗinka mini takunkumin rufe hanci da ragowar atamfa, na sa a gida don in saba, ko minti biyar ban yi ba ƙirjina ya fara kuka. Ranar da na ce na fasa, na je suna a unguwarmu, wata mata ta dube ni ta ce, "Madam, har yanzu kina nan? Wallahi ni in ɗiyata ce, ko wuta ake a can sai na je." Na yi murmushi na ce ana shiri. Na dawo gida ban ci tuwon sunan ba.

Na kai wa Malam maganar, na ce ya yanke, duk abin da ya ce shi zan yi. So nake ya hana ni, Inna, gaskiyar ke nan, don in sami wanda zan ɗora wa. Ya rage rediyo ya ce, "Ni ba na hana ki zuwa wajen ɗiyarki, ba na kuma ce maki ki tafi. Wadda kika yi wa alkawari ba ni ba ce." Ya ƙara rediyonsa. Kin dai san surukinki.

Shekaranjiya mutumin da ya yi mini tikiti ya kira daga Damagaram. Ya ce ana raɗe-raɗin za a rufe filin jirgi, namu da nasu. In zan tafi, in kama kar, babbar motar fasinja, ta gobe da safe zuwa Yamai, wataƙila jirgina yana cikin na ƙarshe, kuma in na shiga ba wanda zai ce mini ga ranar dawowa. In ba zan tafi ba, in faɗa masa kafin la'asar ɗin yau ya ɗaga tafiyar zuwa wani lokaci. Na ce wane lokaci? Ya ce Allah kaɗai ya sani. Haihuwa kuwa ba a ɗaga ta.

Ita Ummi ba ta ce in zo ba, ba ta ce kada in zo ba. Yo ta yaya za ta ce? Ni da ita ba mu saba magana ba. Kin san yadda na yi kunyar ƴar fari, har na zarce kowa. Ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, ga ta ta fari, ga sunan naki. Ko Ummin ma ban cika faɗa a gabanta ba, sai "ke" ko "yarinyar nan". Ita kuma Yaya take ce mini, don a wurinta ke ce Inna. In ta faɗi tana ƙarama, ko ina tsaye a gabanta sai ta wuce ni ta je ta faɗa jikinki, ni kuma in kau da kai kamar ban gani ba. Yanzu in ta kira waya, mu gaisa, in tambayi sanyi, ta tambayi zafi, in ce ta gaida mutanen gidan, alhali mutanen gidan mutum ɗaya ne, mijinta. Shi kuwa tun ranar da ya durƙusa a zaure ban yarda mun haɗa ido ba. Shekara biyar maganarmu ba ta wuce "ina wuni" da "lafiya lau" ba.

Jiya ta turo saƙon murya. "Yaya, an rufe makarantu nan, ana cewa za a hana fita. Sun ce ranar haihuwa ma wataƙila ba za su bar shi ya shiga da ni ba. Amma lafiya lau muke. In kin ga da wuya ki bari kawai, ba komai." Ban san sau nawa na saurara ba. A wurin "ba komai" ɗin muryarta ta karye, ta yi ɗan tari don ta rufe. Tarin ma sai da ya tsinka mini zuciya.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba kina da rai. Na riƙe ki a zuciya, Inna. Shekara ashirin da bakwai ina riƙe da ke.

Lokacin da na zo goyon cikin Ummi, kwana uku kawai na yi a ɗakinki, kika ɗaure mini kaya kika tura ni gidan Gwaggo Tsahara, ƙanwar Baba, can bayan kasuwa. Ba ki ce mini don me ba. A can na haihu. Ke da kika yanke cibiyar rabin yaran garin nan, ba ki yanke ta jikarki ba. Gwaggo ce ta yi mini wanka, ita da ba ta taɓa yi wa kowa ba, yau ta ƙona ni, gobe ruwan ya huce. Ke kuwa sai dai muryarki, safe da yamma, daga bayan danga: "Tsahara, sa gwiwar hannunki ki ji! Daga ƙugu ake farawa! Ba haka ba, ke kam!" Ko sannu ba ki ce mini. Ranar suna ma daga nesa kika tsaya. Sai da muka kusa arba'in kika shigo kika ɗauki jaririyar.

Ni da na tashi ina ɗauko miki itace kina hura wutar wankan matan mutane, ina ganin yadda kike lallashinsu kina yi musu wasa har su manta da zafin ruwan, na ce a raina matan gari sun fi ni a wurinki. Ban tambaye ki ba, ke ma ba ki faɗa ba. Taurin kai ɗaya gare mu.

Da kika ce "ni ban samu na yi maki ba", abin da na ce a zuciyata, Allah ya yafe mini, shi ne ai ba ki so ba ne. Shi ya sa na ƙudura ko a ƙarshen duniya Ummi ta haihu sai na je, don kada ta zauna da abin da na zauna da shi.

Yau da hantsi na kasa zama, na ɗauki mayafi na tafi wurin Gwaggo Tsahara. Tana nan da ranta, ta tsufa tukuf, ido ya yi rauni amma bakin nan yana nan. Ina sallama ta ɗaga murya daga ƙarƙashin rumfa: "Wace ce? Hadiza? Tsaya nan inda kike! Rediyo ta ce tsofaffi abin nan yake ɗauka, ke kuwa kullum kina cikin ɗiyan mutane masu majina. Zagaya ta bayan danga mu gaisa." Na yi dariyar da na kwana biyu ban yi ba, na zagaya. Dangar kara ce har yau, kowace kaka ake sabunta mata ita a wuri ɗaya.

Ta tsakanin karan na faɗa mata komai. Har da abin da na riƙe, ban san yadda aka yi ya fito ba. Ta ce, "Ke da karatunki, ashe wawiya ce. Nan inda kike tsaye, nan take tsayawa."

Ta ce shekarar ƙyanda ce. Na tuna an yi ƙyanda, amma lokacin ina ta kaina da tsohon ciki. Ta ce a unguwarku yara suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wadda ta yarda ta wanke su sai ke. Ranar da kika tura ni gidanta, daga wankan ɗan maƙwabta kika dawo. Kika ce mata hannunki kike jin tsoro, da zanenki, da numfashinki, ba za ki kai wa jinjiri abin da kika ɗebo ba. Kika kuma sa ta rantse ba za ta gaya mini ba, don tsoro yana ƙafar da nonon mai jego. Bayan arba'in kuma aka shiga wata hidimar, ba wanda ya sake tayar da zancen.

"Faɗan nan da kike ji," in ji Gwaggo, "da hawaye take yin shi. In an gama ba ta tafiya. Sai ta sa ido a tsakanin kara ta tsaya har ki shanye kunu. Ba ta ce maki sannu ne don in ta buɗe baki da taushi, muryar za ta tona ta."

Na ce wa Gwaggo amma ai ke, Inna, kin ce da hannuna. Gwaggo ta ce, "Yo ta faɗi abin da ta so ta yi ne bai samu ba. Da tana nan kika ce za ki ratsa tasha da kar da jirgi cikin wannan masifa ki je ki tallabi jinjiri, da muciya za ta bi ki."

Inna, nan bayan dangar na zauna a ƙasa. Duk kwanakin nan raina nake ji, da kabarina, da wankana. Ko sau ɗaya ban tsaya na dubi hannuna ba. Yini guda cur cikin kar cike da mutane, kowa na tari a kan kowa, sai filin jirgi biyu, sannan in sauka in rungumi mai ciki wata tara, bayan kwana kaɗan in karɓi jinjiri in gasa masa cibiya, fuskata a kan tasa. Wani tsoron ya zo ya danne na farko, ya kuma fi shi nauyi.

Ba zan yi miki ƙarya ba. A hanyar dawowa na tambayi kaina ko mafaka kawai na samu a labarin Gwaggo, tunda dama ina neman wanda zai ce kada in je. Wataƙila da haka a ciki. Matsoraciya ce ni, kin sani, ko kaza ban iya riƙewa a yanka. Amma na auna. In na zauna, Ummi za ta ji haushina, ta rayu tana jin haushin. In na je na kai mata ciwo, ba ni da inda zan sa kaina duniya da lahira. Na zaɓi haushin. Ke ma shi kika zaɓa, kika ɗauke shi har kika koma ga Allah ba ki ce uffan ba.

Bayan azahar na kira mutumin Damagaram na ce ya ɗaga. Ya ce, "Madam, kin tabbata?" Na ce ban tabbata ba, amma ya ɗaga.

Abu ɗaya ne na ce ba zan yi irin naki ba, shi ne shirun.

Sai dai wa zai zama Gwaggo Tsahara a can? Ba maƙwabciya, ba dangi, mutum ɗaya ne a gidan. Na zauna bakin gadonki, na nemo lambarsa, wadda ta shekara uku a wayata ban taɓa dannawa ba. Na danna. Ya ɗauka da sauri: "Mama? Lafiya dai? Bari in ba ta." Na ce, "A'a, kai nake nema. Ɗauko kaye da bik ka rubuta." Muryar aji na sa, don ita kaɗai ta rage mini. Har juya fuskata na yi wajen bango, alhali ba ganina yake ba.

Na yi masa dikte, Inna, kamar ɗan aji. Ni Hadiza na faɗa wa surukina yadda ake yi wa mace wankan jego. Safe da yamma, kwana arba'in. Ba bedi a can, to ya sami tawul mai kauri ya tsoma ya matse. Daga ƙugu ake farawa. Ya tambayi likita tukuna, in an yi mata ɗinki ko aiki a bi abin da suka ce. Kada ya bar ta ta sha ruwan sanyi, kada ya bar ta da yunwa, kada ya bar ta ita kaɗai in ya ga ta cika shiru. Ina ji yana rubutawa, yana ta "to Mama, to Mama", muryarsa kamar ta wanda aka kama da satar rake. Can ya ce, "Mama, ruwan digiri nawa?" Mutumin da ya ƙetare teku don karatun ruwa! Na ce, "Sa gwiwar hannunka ka ji." Sai da na faɗa na ji muryar wadda ta fito daga bakina.

Ashe Ummi tana gefensa, duk ta ji. Ta karɓi wayar.  Na ce mata ba zan zo yanzu ba. Na ce mata tsoro nake ji, na kaina da nata. Na ba ta labarin dangar tun daga farko, ban rage komai ba. Na ce kullum safe da yamma ya jingina wayar a inda zan ji, zan tsaya har ta shanye kunu. Sai ta fashe da kuka, irin wanda take yi tana ƙarama in kin tafi unguwa kin bar ta. "Yaya, tsoro nake ji. In na shiga ni kaɗai fa? In ban fito ba fa?"

 Ba ni da hannu a can, ba ni da zane, ba ni da ganye. Abu ɗaya ne a wurina da ban taɓa ba ta ba. Ki yafe mini, Inna, na kama sunanki da bakina. Na ce, "Maryama. Maryama, ɗiyata, ina nan."

Kukan ya tsaya. Har na duba ko wayar ta yanke. Sai ta ce, "Yaya, rezo ba kyau, ban ji ba. Sake faɗi." Rezo kuwa lafiyarsa ƙalau, har ƙarar agogon ɗakinsu nake ji. Na sake faɗa. Sau uku ta sa ni.

Yanzu la'asar ta wuce. Balis ɗin yana gabana a ɗaure, zanenki kaɗai na ciro, yana kan cinyata. Gobe kar zai tashi ba ni. Jibi zan fita in haɗu da mutanen da na yi wa bankwana, da masu turare da mai ciwon gwiwa, za su ce Madam ta ji tsoro, kuma ba su yi ƙarya ba.

Tsoron bai tafi ba, Innata. Saura mata mako biyu ko uku. Asibitin da za ta shiga cike yake da masu ciwon. Mijinta shi ke fita sayo abinci, in ya kwanta ban san wa zai ba ta ko ruwa ba. Ban kuma san ranar da zan ga abin da za ta haifa ba, ko yana zanen goyo, ko yana rarrafe, ko ya fara tafiya. Duk sanda waya ta yi ƙara sai in zabura in ɗauka. Ashe haka kika yi kwana talatin da wani abu, ƙafarki a ƙasa, kara ɗaya tsakaninki da ni, ina ciki ina jin haushinki.

Na saɓa miki alkawari, ba da hannuna zan yi ba. Na kuma riƙe ki a kan abin da ya kamata in durƙusa in gode miki. Ban san wanne ya fi buƙatar gafararki ba. Ki yafe mini duka biyun.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki. Ya saka miki da kowane yaro da kika wanke lokacin da kowa ya ja baya, da kowace safiya da kika tsaya a bayan dangar nan. Allah ya sauki takwararki lafiya, ya raba su cikin sauƙi, ya tsare ta da mijinta da abin da za ta haifa. Ya ɗauke mana wannan ciwo daga gabas har yamma, wanda kuma ya tafi ba a wanke shi ba, Allah ya wanke shi da rahamarsa. Ni kuma in ranar ta zo, ya ba ni ƙafar tsayawa a bayan tawa dangar. Muryar kam in za ta tona ni ta tona, zan ce mata sannu. Amin.

Ƴarki mai kewarki,
Hadiza
Matameye